Yadda Za Ka Zaɓi Sirdi Daidai Da Mazaunanka Ba Tare Da Ka Shawarce Su Ba

Idan kai namiji ne mai doki da shanu, furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin malafarka, maɓallin wandonka kuma ya fara kuka da kai, to matso kusa. Ina da hanyar zaɓen sirdi wadda ba ta taɓa ba kowa kunya ba, in ka cire waɗanda ta ba. Ka bi matakan nan bi da bi, na ba ka tabbacin za ka tsufa a kan sirdin da ka hau kana saurayi, ko aƙalla a kan lambarsa.

Ba a littafi na samo ta ba. A nan kwarin Tolliver na Montana na tsince ta, wurin maƙwabcina Wendell Purdy, wanda ya bi kowane mataki da jikinsa, ni kuwa ina jingine da shinge ina kallo. Da shi za mu riƙa misali.

Amma fara sanin abin da kake karewa. Kowace shekara idan ƙanƙara ta narke, maƙwabta kan taru gidan wannan yau, gidan wancan gobe, a yi wa maruƙa lalas, wato a ɗora musu shaida da ƙarfe mai zafi. Samari su ne masu kokawa da maraƙi a ƙasa, cikin kashin shanu da hayaƙi. Masu igiya suna kan doki, su zarge ƙafafun maraƙi na baya, su jawo shi bakin wuta. Ba a roƙon igiya, mai garke ne zai dube ka ya ce ka hau. Sai kuma tsofaffi, waɗanda ake miƙa wa ƙarfen lalas da kujera kusa da tukunyar kofi, a ce musu ai babu mai idonsu wajen ɗora ƙarfe. Duk wanda aka yi wa wannan yabon ya san an sallame shi, kuma ba a taɓa ganin wanda ya tashi daga kujerar nan ya koma kan doki ba. Wendell ya yi rabin rayuwarsa cikin masu igiya, kuma babu abin da yake tsoro a duniya kamar kujerar nan.

Mataki na ɗaya: Kada ka auna komai

Masu neman tashin hankali za su ce maka da awo ake zaɓen sirdi. Wai a ja tef daga gindin ƙahon da ke gaba zuwa saman kwacciyar baya, incin da ya bayar shi ne girman mazauni. Siririn mutum sha huɗu ko sha biyar, mai jiki sha shida, wanda Allah ya buɗa wa sha bakwai zuwa sama. Za su ƙara da cewa idan ka zauna, tafin hannunka ya kamata ya shige tsakanin cikinka da kwacciyar gaba, bayanka kuma ya jingina da ta baya ba tare da ya hau kanta ba. Duk gaskiya ne, shi ya sa ba ka bukatarsa.

Namiji lamba ɗaya gare shi a rayuwa, ita ce wadda yake da ita lokacin da 'yan mata ke waiwayensa. Ta Wendell sha biyar ce. Yana saurayi siriri kamar sandar shinge ya ci gasar zarge maruƙa ta gunduma, aka ba shi kyautar sirdi, sunansa a buge a jikin fata, ga zanen furanni har likkafa. A kansa ya riƙa zuwa zance wurin Verna kafin ta aure shi. A kansa ya goya 'ya'yansa zuwa makaranta ranakun da ƙanƙara ta rufe hanya. Daga wancan lokaci zuwa yau Wendell ya ci abin da ya ci na naman sa da dankali da romo, sirdin kuwa bai ci komai ba. Nan matsalar take, amma kai ba ka san da wata matsala ba.

Al'adar wurin ma tana bayanka. Mutum zai ara maka dokinsa, ya ara maka akori-kurarsa, ya ara maka bijiminsa na barbara, amma ba zai ara maka sirdi ba, kai ma ba za ka tambaya ba. Saboda haka babu wanda ya san zaman sirdin wani. Lamba kawai ake gani, wadda baduku ke bugawa a fata kusa da majayi.

Mataki na biyu: Nemo mai laifi

Wata safiya za ka zauna ka ji gaba ta tokare ka, baya ta tokare ka. Kada ka firgita, kuma kada ka dubi ƙasa. Ka ce sanyi ne ya sa fata ta tsuke. Ka ce masu ɗinka wando sun koma yadi mai kauri. Ka ce dokin ne ya yi ƙiba yake buɗe maka ƙafa. Wendell ya yi amfani da dukansu, wani lokaci a numfashi ɗaya.

Matarka ce babban haɗari, domin ita ke wanke wandon. Wata rana ana tsananin zafi Wendell ya dawo daga duba shanu, Verna na tsaye a ƙofar gida da kwandon shanya, ta kare ido da hannu tana kallonsa.

Ta ce, "Wendell, ina ƙahon sirdinka?"

"Yana nan inda yake."

"To ni dai ban gan shi ba. Na ga wuyan doki, na gan ka, ban ga komai a tsakani ba."

"Rigar sanyi ce ta rufe shi."

"A watan Yuli?"

"Verna, ki ji da shanyarki."

"Ina ji da ita. Ga wandonka nan a igiya, tun safe yake tare wa sauran kaya rana."

Ka lura da abin da ya yi. Ya juya doki ya nufi ɗakin ciyawa da kansa a sama, kuma haka ake so.

Mataki na uku: Koyi hawa da sauka ba shaida

Wajen hawa, juya dokin yadda jikinsa zai kare ka daga jama'a. Zuƙe numfashi, tattara cikinka sama, ka zauna da sauri kafin ya sauko. Idan nishi ya ƙwace maka, mai da shi magana. Wendell kan ce, "Uhhh, za a yi ruwa." Shekarar da aka yi fari, kullum safe sai ya yi wa kwarin nan albishir ɗin ruwa.

Wajen sauka, nemi bayan ɗakin ciyawa. Idan ƙafafunka sun taka ƙasa za ka ji ba naka ba ne. Tsaya cik, sa hannu a ƙugu, ka ƙura wa duwatsu ido kamar mai tunanin farashin shanu, har jini ya dawo. Mutane za su ce kana da zurfin ciki.

Akwai dai wanda ba za ka iya ruɗa ba, shi ne dokin. Idan sirdi ya yi wa mahayi kaɗan, nauyi kan koma baya ya danne kwacciya, kwacciya ta danne ƙugun doki. Deacon, jan dokin Wendell, dabba ce mai haƙuri, amma ya kai ga da ya hango sirdin sai ya kwantar da kunnuwa ya juya baya. Wannan ya dami Wendell ƙwarai, don yana son dokin nan fiye da yadda yake son yawancin danginsa. Ya shafa masa mai, ya ƙara masa bargo a ƙarƙashin sirdi, har likitan dabbobi ya kira ya duba masa haƙora. Likitan ya duba haƙoran, ya dubi Wendell daga malafa har takalmi, ya ce haƙora lafiya lau. Kai ma idan ka kai nan, kira likita ya duba ɓangaren da ka tabbata ƙalau yake.

Mataki na huɗu: Je wurin baduku, amma kada ka zauna

Dole wata rana wani abu ya tsinke, ka je gyara. Badukun kwarin nan Hoyt Lindqvist ne, dattijo mai magana ɗaya-ɗaya, wanda ya ɗinka wa kusan kowa sirdi. A tsakiyar shagonsa akwai dokin katako da sirdi a kai, inda yake zaunar da masu saye ya ga zamansu. Wannan dokin katakon tarko ne. Yi masa nisa.

Wendell ya kai masa sirdin don fatar likkafa ta tsage, ana saura 'yan makonni a fara lalas. Hoyt ya karɓi sirdin, ya juya shi, ya shafa kwacciyar baya inda fata ta goge har tana sheƙi. Sannan ya ɗago kai.

Ya ce, "Zauna can mana in gan ka."

"Ba zama na zo yi ba. Likkafa na kawo."

"To." Hoyt ya zura allura. Can ya ce, "Ka bari in yi maka sabon sha biyar."

"Ina da sha biyar. Ga shi a hannunka."

"Na gani. Sabo nake nufi. Irin wanda nake yi yanzu."

"Hoyt, sha biyar ai sha biyar ne."

"Haka ne." Ya ja zare. "Orval ma sha biyar na yi masa bara. Ya ce tunda yake bai taɓa jin daɗin hawa haka ba."

Orval Stoddard shi ne maƙwabcin Wendell na yamma, abokinsa tun suna yara, kuma mutum ne da idan ya zauna a bencin coci sai iyalinsa su koma na baya. Hoyt ya faɗi sunan, ya tsaya da allura a hannu yana kallon Wendell, kallon da duk mai hankali zai tsaya ya yi tunani a kansa. A wurin nan ba a gaya wa namiji magana kai tsaye, ajiye masa ita ake yi a gefe ya ɗauka da kansa.

Wendell ya buga cinya ya ce, "To ka ji! Orval da ya ninka ni yana hawan sha biyar, ni za a ce ya yi mini kaɗan?"

"Ni ban ce ba."

"Gyara mini likkafa in tafi."

Ya fito shagon yana jin kansa kamar ɗan shekara ashirin. Darasin a nan shi ne, idan aka ajiye maka magana a gefe, ka tsallake ta ka wuce.

Mataki na biyar: Rage ci a gaban mutane

Idan ranar ta matso, ture faranti a teburin gida ka ce ka ƙoshi. Matarka za ta taɓa goshinka ta ji ko zazzaɓi ne. Daga nan ka ce za ka shiga gari sayen gishirin shanu, ka tsaya shagon abinci na bakin hanya, ka ci fanke da ƙwai da nama a cikin mota. Abin da aka ci a mota ba ya zama a jiki, kowa ya san wannan.

Mataki na shida: Ranar lalas, jefa igiya ka bar wa Allah sauran

A gidan Orval aka fara a shekarar. Motoci da tireloli sun cika bakin shinge, shanu na kuka suna neman 'ya'yansu da aka ware, ƙarafa sun yi ja a wuta. Mata sun jera tukwanen wake da gasasshen nama a bayan akori-kura. Hoyt na nan a kujerarsa kusa da tukunyar kofi, inda aka ajiye shi shekaru da suka wuce.

Orval ya zo yana rabon aiki. Ya nuna wannan, ya nuna wancan, ya iso kan Wendell. Ya dube shi a kan Deacon, ya dubi inda ƙahon sirdi ya kamata ya kasance, ya ɗan yi jim. Jim ɗin nan bai fi haɗiyar yawu ba, amma Wendell ya ji shi har cikin ƙashinsa.

Orval ya ce, "Shiga, tsohon banza. Ka nuna wa yaran nan yadda ake yi."

Zarge maraƙi rabin aiki ne. Da igiya ta kama sai ka naɗe ta a ƙahon sirdi cikin ƙiftawar ido, doki ya ja nauyin. Don haka aka yi ƙahon, ba don rataye malafa ba. Bara Wendell da gwiwar hannu ya riƙa ɗage cikinsa yana naɗawa, ya sha da ƙyar. Amma sanyin bana ya yi tsawo, Verna kuma ba ta iya dafa kaɗan ba.

Ya shiga cikin maruƙan a hankali. A ba mutum haƙƙinsa: hannun Wendell bai tsufa ba. Ya kaɗa igiya sama-sama, ya shimfiɗa ta a gaban ƙafafun wani baƙin maraƙi, maraƙin ya taka ciki da kansa, ƙafa biyu cif. Wani saurayi a ƙasa ya yi fito don sha'awa. Wendell ya ja igiyar, ya kai hannu ga ƙaho, sai hannun ya sauka a kan Wendell.

Ya laluba dama, ya laluba hagu. Ƙahon yana nan, yana jin sa, ya shige ƙarƙashin haƙarƙarinsa ya yi zamansa. Maraƙin kuwa bai jira a gama nema ba. Ya zabura, igiyar ta bi ta tafin hannun Wendell da gudu tana cin fata, ta fice. Maraƙin ya zaga shingen yana janta a ƙasa, ya kayar da saurayin da ya yi fito, ya shige cikin 'yan uwansa.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariya ciwo. Duk mazan da ke wurin suka ɗaga kai suna kallon duwatsu lokaci guda. Orval ya tako a hankali da ƙarfen lalas a hannu, yana gyaran murya.

Ya ce, "Wendell, ka san dai a kwarin nan wajen ɗora ƙarfe babu mai..."

Wendell ya san ƙarshen maganar, don shi ma ya taɓa faɗa wa wasu ita. Zuciyarsa ta karye. Bai ji zafin hannun ba sam. Abin da ya gani shi ne kujerar da ke kusa da ta Hoyt, babu kowa a kanta. Don kada ya ji sauran yana kan doki, sai ya ce, "Bari in sauka tukuna."

Mataki na bakwai: Idan sauka ta gagara, ka sauko da sirdin

Ya cire ƙafa daga likkafa, ya yunƙura. Babu abin da ya motsa. Ƙaton kan bel ɗinsa na azurfa ya shige ƙarƙashin ƙaho ya maƙale, kwacciyar baya ta riƙe shi ta ɗaya ɓangaren. Ya sake yunƙurawa, Deacon ya yi nishi.

Verna ta ƙwalo daga wajen tukwane, "Wendell, ka fito ko in kawo maka abincin can?"

"Ki bar ni, mace!"

"Ai ba ni na riƙe ka ba."

A ƙarshe majayi aka kwance. Maza suka taru, wasu ta dama wasu ta hagu, suka ɗago shi tare da sirdin kamar ana sauke buhun hatsi, suka dire shi a ƙasa. Wani ya taka likkafa, wasu suka kama shi ta hammata suka ja, ya fito. Da aka yaye bargon, sai ga ƙugun Deacon ya kumbura wuri biyu, gashi ya goge. Wendell ya ɗora hannunsa mai ciwo a wurin, dokin ya ɗan noƙe. Kunyar wannan ta fi masa kunyar maraƙin, don maraƙi bai san shi ba, dokin kuwa shekara da shekaru yana ɗauke da shi bai taɓa kayar da shi ba.

Orval ya tsuguna, abin da ba ya yi sai da dalili, ya juya tsohon sirdin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. Lafiyarsa ƙalau, ko makaho ya sani. Ya daɗe yana kallon sunan da ke buge a fatar, don yana wurin ranar da aka ci gasar.

Ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ashe! Katakon ciki ne ya karye. Shi ya sa ƙahon ya zame. Hoyt, ko ba haka ba?"

Hoyt bai ko taso ba. Daga kujera ya ce, "Tun daga nan nake jin karayar."

Orval ya miƙe, ya je ya kwanto dokinsa da sirdinsa a kai, ya jawo shi gaban Wendell. Ba a taɓa ganin haka ba.

Ya ce, "Hau nawa kafin a gyara maka. Sha biyar ne shi ma."

Mataki na takwas: Ba da amsar da ta dace

Wendell ya zuƙe numfashi yadda ya saba, ya tattara cikinsa, ya hau, ya zauna da sauri. Ya jira gaba ta tokare shi. Shiru. Ya jira baya, shiru. Ya saki numfashin kaɗan-kaɗan, cikin ya sauko ya sami wuri ya zauna, ga ƙaho can gaba a fili yana sheƙi. Ya zura tafin hannu tsakani, hannun ya shige har da sauran wuri. Rabonsa da ya ji haka a kan doki tun 'ya'yansa na ƙanana.

Ya sunkuya ya dubi lambar kusa da majayi. Sha biyar, an buga ta da kyau. Ya ɗaga kai ya bi sauran dawakin da kallo. Ga na wani Dwight mai wuya uku, sha biyar. Ga na surukin Orval, wanda sai ya taka dutse yake hawa, sha biyar. Ya dubi Hoyt, Hoyt ya sami wani abin kallo a cikin kofinsa. Ashe dattijon nan ƙarfen buga lamba ɗaya yake amfani da shi, komai faɗin abin da ya ɗinka, kuma kowane namiji a kwarin ya shiga shagon nan ya zauna a dokin katako, ya fito da sha biyar ɗinsa, ya rufe bakinsa. Wendell kaɗai ne ya yi shekaru yana hawan na gaskiya.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya tuna safiyoyin nishi, ya tuna tsayuwa bayan ɗakin ciyawa, ya tuna ƙugun Deacon. Maganar ta taso masa har maƙogwaro: wannan ko sha takwas ya kai, ku duka maƙaryata ne. Da ya faɗa, da ya yi gaskiya, da kuma ya tsiraita kowane dattijo a wurin gaban matansu da 'ya'yansu.

Orval na tsaye a gefen dokin. A hannunsa ɗaya ƙarfen lalas, a ɗayan igiyar da aka kwanto daga ƙafar maraƙi, an naɗe ta tsaf. Ya ɗaga igiyar, Wendell ya kama gefe, amma Orval bai saki ba.

Ya ce, "Ya ka ji shi?"

Har masu kokawa da maruƙa suka tsaya. Verna ta ajiye ludayi.

Wendell ya gyara zama, ya ɗan yamutsa fuska, ya motsa ƙugu dama da hagu kamar mai neman wuri.

Ya ce, "Sha biyar ne dai. Ya ɗan kama ni a cinya, amma zan daure."

Orval ya saki igiyar. Ya ce, "Ni ma haka yake mini. Shiga, maruƙa na jira." Ya juya ya miƙa wa wani ƙarfen.

Wendell ya ɗaure hannunsa da hankici ya koma cikin shingen. Har aka kashe wuta bai kuskure maraƙi ko ɗaya ba, kuma kowace naɗa ta sami ƙaho. Ka haddace amsar nan tasa kalma da kalma, don ita ce duk ilimin zaɓen sirdi.

Mataki na tara: Koma wurin baduku, wannan karon ka zauna

Wendell ya koma shagon Hoyt, ya zauna a dokin katako ba tare da an ce masa ba. Hoyt ya zaga shi, ya zura hannu gaba, ya zura baya, bai fito da tef ba, bai ambaci lamba ba. Deacon ya huta a makiyaya har ƙugunsa ya warke, kuma da sabon sirdin ya iso ya shinshine shi ya bar kunnuwansa a tsaye.

Verna ta zo ɗakin ciyawa ganin sabon kaya. Ta karanta lambar, ta ja da baya ta dubi faɗin mazaunin, ta sake karantawa.

Ta ce, "Sha biyar."

"Sha biyar."

"Sannu, saurayi. Allah ya bar mana kai."

Tsohon sirdin kuwa bai kai shi gyara ba, tunda ba abin gyarawa. Ya shafe shi da mai da yamma, ya ɗora shi a kan katako a falo kusa da taga. Da ya gama sai ya shimfiɗa hannayensa biyu a mazaunin, suka kusa rufe shi duka. Ya daɗe a tsaye yana mamakin ƙanƙantar yaron da ya taɓa zama a wurin, kuma ya yi kewarsa. Sannan Verna ta kira shi cin abinci, ya je ya ci a tebur, har da ƙari.

Ba ruwana

Na kawo maka hanya, ban ce ka bi ba. Idan igiya ta cinye maka tafin hannu, ko doki ya gaji ya yi maka abin da Deacon bai yi ba, ko aka sauke ka da sirdi a gaban surukanka, kai da mazaunanka za ku sasanta, ni ban san ka ba. Idan badukun garinku mai gaskiya ne yana da ƙarfen kowace lamba, wannan jarrabawarka ce, ka yi haƙuri ko ka ƙaura. Idan ka je ka tambayi Orval ko Hoyt za su ce ba a yi haka ba, ni ma zan ce ba a yi ba. In kuma ƙaiƙayi ya dame ka kana son sanin nawa ne nawa sirdin, lambar tana jiki, zo ka karanta. Amma a tsaye za ka karanta, daga ƙasa, hannunka a aljihu.